Neman shawara: ɗana ya kwana da zazzaɓi, kuma jibi za mu tafi wajen Mama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Rabona da mahaifiyata tun kafin kullen korona na watan Maris 2020, ga shi 2021 na shirin ƙarewa. Bana muka ce ko ta halin ƙaƙa a wajenta za mu yi hutun ƙarshen shekara, ni da maigida da yara biyu. Tikitin jirgi na hannu. Sai daren jiya babban ɗana, mai shekara 11, ya kwana da zazzaɓi, yana kukan maƙogwaro, hanci na zuba. Da safe na yi masa gwajin korona na gida, layi ɗaya ya fito, wato babu. Mama shekararta 74, tana da ciwon suga da hawan jini, ta yi allurar rigakafin korona biyu amma ba ta yi ta ukun ba. Ta gyara mana ɗaki tun makon jiya, kullum sai ta kira ta tambayi ƙarfe nawa za mu sauka. Mu tafi tunda gwaji ya ce babu, ko mu haƙura?

Wata uwa ta amsa:
Haba 'yar'uwa, wane yaro ne ba ya mura? Gwaji ya wanke shi, me kuma kike nema? Ki ba shi farasitamol ku kama hanya. Tsohuwa ba a ce mata sai baɗi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ki yi haƙuri, amma gwaji bai wanke shi ba tukuna. Gwajin gida yana kama cutar ne idan ta yi yawa a hanci, kuma ranar farko sau da yawa ba ta kai hakan ba. Na ga waɗanda suka samu layi ɗaya ranar Litinin, Laraba ta yi layi biyu ya fito ɓaro-ɓaro. Ki sake yi masa bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ko ki kai shi a yi masa gwajin PCR, wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje.

Wannan sabon nau'in, Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta sanar a ƙarshen Nuwamba, da mura yake kama: maƙogwaro, majina, ciwon kai. Kada ki tsaya jiran ya daina jin ƙanshi kamar yadda aka saba ji bara. Abin da ya fi damuna ma ba yaron ba ne, ku ukun da kuka kwana gida ɗaya da shi. Cutar takan ɗauki kwana 5 ko 6 kafin ta bayyana, wani lokaci har 14, sabon nau'in kuma da alama ya fi sauri. Kuna iya sauka garau, ranar ta uku ke ki fara tari a ɗakin Mama. Ko ma mura mai tsanani ce ba korona ba, ba tsarabar da za a kai wa mai suga 'yar shekara 74 ba ce.

Idan ya tabbata, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2021 ita ce a killace shi kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin kwana 3 ba alama. A ba shi ruwa sosai da farasitamol daidai nauyinsa. Ban da asfirin ga yaro, ban da antibayotik, ba ya yi wa wannan cuta komai. Idan numfashi ya yi masa wuya, ko leɓensa ya canza launi, ko ya kasa shan ruwa, sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Wani ɗan'uwa:
Ni bara na yi wannan gangancin. Ɗan tari nake, na ce gajiya ce, na je. Baba ya yi kwana tara a kan iskar oksijin. Ya tashi, alhamdulillahi, amma har yau in ya hau bene sai ya tsaya ya huta, ni kuma sai in kau da kai. Ba wanda ya taɓa ce min kai ne. Da ma an faɗa.

Wani mai yawan tafiya:
Ki kira kamfanin jirgin yau, kada ki bari sai ranar. A 2020 da 2021, saboda annobar nan, da yawansu sun sassauta dokar sauya rana, amma in jirgi ya tashi ba ku je ba, magana ta canza. In kun tashi tafiyar, kada a ɗauka cewa cikin jirgi ne kawai haɗari. Iskarsa tacewa ake yi. Layin tantancewa da motar da ke kai mutane bakin jirgi sun fi cunkoso, a nan takunkumi ya fi amfani.

Wata 'yar'uwa:
Kada ki ce wa Mama kun fasa, ki ce kun ɗaga, ki ba ta sabuwar rana da bakinki. Kuma ki sa wani ya kai ta ta yi allura ta uku a satin nan. Takan ɗauki kamar mako biyu kafin ta kama jiki, kin ga jiran bai tafi a banza ba.

Mai tambaya ta dawo bayan kwana biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake gwajin yau da asuba, layi biyu. Zazzaɓin ya sauka, har yana rigima da ƙanwarsa ta bayan ƙofa. Mun mayar da tikiti tsakiyar Janairu. Mama ta yi shiru a waya, can ta ce a ba ta jikanta su gaisa, sun fi minti ashirin suna hira. Gobe ƙanena zai kai ta allura. Anti ma'aikaciyar jinya, saura tambaya ɗaya: bayi ɗaya gare mu a gidan, yaya zan yi da ƙaramar?