An ƙi karɓar takardar shaidata ta aikin motar agajin gaggawa, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya a kan wata matsala da ta hana ni sakat.

Na yi wata shida ina karɓar horo a wata cibiya mai zaman kanta a Kano kan yadda ake kula da majinyaci a cikin motar ɗaukar marasa lafiya, kuma tsakani da Allah mun sha aiki. Mun yi ta durƙusawa a kan mutum-mutumin roba muna danna ƙirji sau 30 muna hura numfashi sau 2 har hannuwa suka yi tsami, mun kuma koyi tallafe wuyan wanda ya yi haɗarin mota kafin a ɗaga shi, da tsayar da zubar jini. Mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta biyu ta biya kuɗin, shi ya sa abin yake sosa mini rai.

Da na kai takardar wani asibiti, jami'in ɗaukar ma'aikata ya juya ta gaba da baya, ya ce bai ga hatimin wata hukuma da ya sani ba, ya miƙo mini abata. Cibiyar kuwa haƙuri kawai take ba ni.

Don Allah, wace hukuma ce ke tantance irin wannan takarda? Shin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, tana duba gajerun kwasa-kwasai, ko difloma kaɗai? Kuma NEMSAS, shirin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, yana ɗaukar irinmu, ko sai na koma na yi difloma ta shekara 2?