Neman taimako kan aikin gida na Turanci da tattalin arziki

Maman Hafsat, Agege:
Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, kuma tambayoyi biyu sun gagare mu a aikin gidanta. Ta farko ta Turanci ce: a cike gurbi da "was" ko "were" a jimlar "Neither the driver nor the passengers ___ injured." Ta biyu ta tattalin arziki ce: farashin kwandon tumatir ya tashi daga naira 20,000 zuwa 30,000, kwandunan da ake saye a rana suka ragu daga 100 zuwa 80, an ce a lissafa "elasticity of demand". Don Allah a bayyana mana hanyar, domin baɗi za ta rubuta WAEC.

Malam Sani, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsar ita ce "were", saboda idan aka haɗa sunaye biyu da "neither… nor" ko "either… or", aikatau yana bin wanda ya fi kusa da shi, a nan kuwa "passengers" ne, kuma jam'i ne. Da direban ne ya zo ƙarshe, da "was" za a sa.

Malama Rabi, Obalende:
Hajiya, abin da ake aunawa shi ne yadda masu saye suke ja da baya idan kaya ya yi tsada. Saye ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, farashi kuma ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, don haka idan aka raba 20 da 50 za a sami 0.4. Tunda bai kai 1 ba, ta rubuta cewa buƙatar ba ta cika motsawa da farashi ba. Hujjar tana cikin lissafin kansa: cinikin yini ya tashi daga naira miliyan 2 zuwa miliyan 2.4, duk da raguwar masu saye. Ta kuma rubuta kowane mataki, domin ana ba da maki a kan hanyar lissafi.

Alhaji Garba, Mile 12:
Malama ta yi daidai, kuma mu 'yan gwari muna ganin haka kowace damina. Idan tumatirin rani na Kano da Kaduna ya ƙare, motoci sukan ragu, kwando ya yi tsada, amma masu gidajen abinci ba sa daina saye, sai dai su rage su haɗa da na gwangwani. Idan aka tambayi yarinyar dalilin tashin farashin a irin wannan yanayi, ta ce kayan ne suka yi ƙaranci a kasuwa.