Naɗi ko murɗi: wace kalma ce ta dace da wace siffa?

Malamar Kimiyya, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina neman kalmomin Hausa da zan bambanta wa ɗalibai siffofi biyu: ta igiyar leko, wato maganin sauro, da ta sifirin ɗin babur. Yara duka "zagayayye" suke cewa, alhali ba ɗaya ba ne.

Malamin Lissafi, Samaru: Wa alaikumus salam, Malama. Igiyar leko kwance take a shimfiɗe, tana farawa daga tsakiya, kowane zagaye ya fi na cikinsa faɗi. Wannan naɗi ne, irin na gammo ko tabarmar da aka naɗe in an leƙa ta gefe. Sifirin kuwa faɗin zagayensa bai canzawa, hawa yake yi. Wannan murɗi ne, shi ya sa ake cewa murɗaɗɗiyar munduwa. Gwajin aji: a zana layi a karkace a kan takarda, a naɗa ta jikin gwangwani, layin zai zama murɗi. Ƙwayar gado ta DNA ma murɗi ce mai igiya biyu, kamar yadda masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana a 1953. Bawon dodon koɗi shi ne mai rikita yara, domin yana faɗaɗa kuma yana hawa, ya haɗa biyun. Ki bar shi sai ƙarshen darasi.

Bakanike, Sabon Gari: Malam ya yi daidai, amma a ƙara da hannu, don murɗi yana da dama da hagu. Ki tsayar da kusa mai zare a gabanki. In zaren yana hawa zuwa dama, na dama ne, kuma ko kin juya kusar kai ƙasa ba zai canza ba. Yawancin noti na dama ne. Fedar keke ta hagu zarenta na hagu ne, don kada tuƙi ya kwance ta. Yaran gareji da ba su sani ba sai su yi ta dannawa da sifana a baibai har zaren ya cinye. Tazarar zare ma ana aunawa: a kusa mai kaurin milimita 10 (M10) ta yau da kullum, milimita 1.5 ne daga tudu zuwa tudu, a mai kaurin milimita 8 (M8) kuma 1.25. Ki ba yara rula su auna tazara goma, su raba da goma.

Inna Mai Faifai, cikin Birni: 'Yata, ki kai musu faifai su gani da ido. Daga cibiya ake farawa, ana ɗinke kaba a kan ciyawa, ana zagayawa waje. In ba ki ƙara ɗinki a kowane zagaye ba, faifan ba zai kwanta ba, bakinsa zai tashi ya koma kwando. Igiya kuwa tufka ake cewa. Ana murza kowane sili ta hannu ɗaya, sannan a tufke su ta ɗaya hannun, shi ke sa su riƙe juna. In duka hannu ɗaya aka bi, warwarewa za ta yi.

Malamar Kimiyya, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. To matakalar hasumiya mai zagayawa fa, Malam?

Malamin Lissafi, Samaru: Murɗi ce, Malama. Nisan kowane taki daga ginshiƙin tsakiya ɗaya ne, hawa kawai ake yi.