Wane suna za mu raɗa wa "difek" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema wajen masu Hausa a baki, musamman mutanenmu na Gombe da maƙwabtanmu na Bauchi. Akwai abin da ya shigo wayoyinmu ya samu wurin zama, amma har yau ba mu raɗa masa suna ba. Turawa suna rubuta shi deepfake, samarinmu na shagunan gyaran waya kuma bakinsu ya mayar da shi "difek". Shi ne a tattara hotunan mutum da muryarsa a ba kwamfuta, ta koyi yadda yake motsa leɓe, yadda yake jan numfashi, yadda yake sauke magana, sannan ta fito da bidiyo ko sauti yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Fuskarsa ce, muryarsa ce, amma shi ko labari ba shi da shi.

2/ Kalmar ba ta daɗe a duniya ba. A ƙarshen 2017 ne wani mai amfani da dandalin Reddit ya laƙaba wa kansa wannan suna, yana ɗora fuskokin fitattun 'yan fim mata a kan bidiyon batsa. Rabin farko na kalmar, deep, wato "mai zurfi", daga sunan dabarar da kwamfuta ke bi ta koyi abu aka ciro shi, rabi na biyu kuwa jabu yake nufi. Don haka wanda ya rubuto mini "jabu mai zurfi", ɗan'uwa ka yi ƙoƙari, amma wannan fassarar baƙi da baƙi ce. Ka faɗa wa ɗan kasuwa a Tudun Hatsi "jabu mai zurfi", zai tambaye ka zurfin me.

Kuma mu riƙe wannan tushe da kyau. A 2019 kamfanin Deeptrace ya ƙirga irin waɗannan bidiyoyi a intanet, ya tarar 96 cikin 100 na batsa ne. Tun ran gini tun ran zane, da mutuncin mata aka fara.

3/ Daga nan abin ya bar hannun 'yan iska ya shiga siyasa da damfara. A Maris 2022 an saki bidiyon Shugaba Zelensky na Yukren yana umartar sojojinsa su ajiye makamai, alhali bai faɗa ba. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin da ta wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron nan na'ura ce ta haɗa su. A nan gida ma, dab da zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023, an yi ta yawo da wani sauti da aka ce Atiku Abubakar ne da wasu jiga-jigan PDP suke kitsa maguɗi, masu bin diddigin labarai suka bincika suka ce haɗa shi aka yi.

To mu da rabin harkarmu a saƙon murya take tafiya fa? Cinikin masara da wake, neman aure, sanarwar rasuwa, "turo mini dubu ashirin ina asibiti", duk a WhatsApp, duk da baki, saboda da yawa daga iyayenmu ba sa karanta boko. Murya ita ce sa hannunmu. Shi ya sa neman sunan nan ba wasan 'yan boko ba ne a wurina. Ba ka iya gargaɗin mutum a kan abin da ba za ka iya kiran sunansa da yaren da yake ji ba.

4/ Na ga shawarwarinku, Allah ya saka da alheri. Mafi yawa sun ce "bidiyon bogi" ko "bidiyon jabu". Ba laifi, kowa zai gane. Matsalarsa faɗi. Tsohon bidiyon rikici daga wata ƙasa da aka ce jiya aka yi a Billiri, bogi ne. Wa'azin da aka yanke farkonsa da ƙarshensa don ma'ana ta juya, shi ma bogi ne. Amma a duka biyun mutanen da ke ciki sun yi abin da ake gani, wuri ko lokaci ko mahalli kawai aka canza. Namu kuwa mutumin bai taɓa buɗe baki ba. Sannan ina za mu kai wanda sauti ne zalla, babu hoto?

5/ "Siddabaru" da "rufa-ido" ban karɓe su ba. Suna sa abin ya yi kama da tsafi, mutane su sallama su ce ya fi ƙarfinmu. Kuma suna ba mai yi wata kwarjini ta gwaninta, alhali yaro mai waya da data zai iya.

6/ Wani yayana da ke koyarwa a Kumo ya ce "sojan gona". Yaya, wannan ta kusa. Sai dai sojan gona mutum ne da ya sa kakin da ba nasa ba, da ƙafarsa yake zuwa, ana iya damƙe shi. Kuma tuni mun ba kalmar aiki a intanet: wanda ya buɗe shafin Facebook da sunan wani malami ko wata 'yar fim yana karɓar kuɗin jama'a, sojan gona muke ce masa. A bar ta a can, tana aikinta.

7/ Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata malamar Hausa daga Bauchi: "aron baki". Ta ce ai Bahaushe ya riga ya san wannan laifi tun kafin a ƙera kwamfuta, shi ya sa yake cewa kada ka ari bakina ka ci mini albasa. Ranki ya daɗe, wannan magana ta zauna daram. Kai ka ci, ni warin ya biyo. Abin da ke faruwa ke nan da wanda aka haɗa wa sauti: wani ya yi zagin, shi za a tsana, wani ya yi tallan maganin ƙarya, shi za a tsine wa.

Abu biyu suka hana ni tsayawa a nan. Na farko, baki kaɗai ta ɗauka. Yarinyar da aka ɗora fuskarta a jikin da ba nata ba, ba bakinta aka ara ba, ko kalma ɗaya ba ta furta a bidiyon ba, amma an gama da ita a unguwa. Na biyu, kalmar "aro". A cikin karin maganar kowa ya san aron dole ne. Amma idan aka ciro ta ita kaɗai aka sa a labaran rediyo, aro yana nufin an tambaya, an bayar, za a mayar. Wannan kuwa ba a tambaya ba, kuma ba ya mayuwa.

8/ Ga tawa shawarar: SATAR KAMANNI.

Da farko "satar kama" na so, don ta fi gajarta, kuma tana tafiya da maganar nan ta kama da wane ba ta wane. Amma a rubuce ba ma nuna karin sauti, mai karatu zai iya ɗauka kama ta 'yan sanda ake nufi. "Kamanni" ba ta da wannan ruɗani. Kuma ginin ba baƙo ba ne a kunnenmu, muna da satar amsa, satar fasaha, satar hanya. Ta kuma yarda a juya ta yadda aka ga dama:

An saci kamannin Malam.
Wannan bidiyon satar kamanni ne, kar ka tura.
Kamannin muryar ɗanki aka sata, ki kashe ki kira shi da kanki.
An kama ɓarawon kamanni.

9/ Na gwada ta a gida, a Bolari, wajen goggona. An turo mata bidiyo a zauren WhatsApp na 'yan'uwa: wani malami da take saurare yana yabon wani maganin ciwon suga, har da lambar waya a ƙasa. Ta riga ta ce a sayo mata. Na karɓi wayar na duba. Rawaninsa ne, gemunsa ne, amma in ya zo "b" ko "m" leɓɓansa ba sa haɗuwa, "ƙarfi" kuma yana fitowa "karfi", karin maganar a shimfiɗe kamar mai karanta takarda. Mutumin da ya shekara talatin yana tafsiri ba ya magana haka.

Na ce, "Goggo, difek ne." Ta ce, "Di me?"
Na ce, "Na bogi ne." Ta ce, "Yo ba ga shi ina ganinsa da idona ba? Ko ban san Malam ba ne?"
Sai na ce, "Goggo, satar kamanninsa aka yi." Ta ajiye carbi ta dube ni. "Innalillahi. Yanzu har kamannin mutum ake sacewa? To shi ya sani?"

Wannan tambaya tata, "shi ya sani?", ita ce ta sa na tsaya a kan kalmar. "Bogi" ta sa ta musu, don tana jin ana ƙaryata idonta. "Sata" ta bar mata idonta, ta nuna mata akwai wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin. Nan take Malam ya tashi daga mai talla ya koma wanda aka cuta.

Amma kada wani ya dogara da alamomin da na lissafa. Na'urorin nan kullum ƙara ƙwarewa suke, kuma yadda ake ta ɗura musu Hausa, ba da jimawa ba za su iya ƙ da ɗ da ɓ fiye da wasu 'ya'yanmu na birni.

10/ Wani malamin kwamfuta daga jami'a ya yi mini gyara mai nauyi. Ya ce ba duka ne sata ba. Akwai marar lafiyar da cuta ta ɗauke wa magana, a haɗa masa muryarsa ta da daga tsofaffin sautuka ya ci gaba da magana da iyalinsa. Akwai likitan da zai yi bayanin rigakafi sau ɗaya, da yardarsa a juya shi zuwa Fulatanci da Tangale da Tera, kowa ya ji da yarensa. Ya ce in mun kira duka sata, mun rufe ƙofar alheri.

Allah ya gafarta Malam, na karɓa hannu bibbiyu. Kuma a nan ne shawarar malamarmu ta Bauchi ta dawo da amfaninta. Mu raba abin gida biyu. In mai fuskar ya yarda, kuma an sanar da mai kallo cewa na'ura ce ta haɗa, wannan ARON KAMANNI ne. In ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, SATAR KAMANNI ce. Ko da mai fuskar ya yarda, in an ɓoye wa mai kallo, an ci amanarsa. Turanci ya cusa duka a kalma ɗaya, shi ya sa suke ta fama da bayani. Mu ba dole mu gaji wannan matsalar ba.

Dokoki ma wajen nan suka dosa. Dokar ƙirƙirarriyar basira da Tarayyar Turai ta zartar a 2024 ta wajabta a bayyana cewa abu haɗin na'ura ne. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan halittar jikin mutum cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Amma dokar da aka rubuta da Turanci a Abuja ba za ta isa Dukku ko Nafada ba sai da kalmar da za ta ɗauke ta.

11/ Akwai abin da ke damuna, dole in faɗa. Duk sunan da muka zaɓa, masu laifi za su fake da shi. Gobe a kama wani da bidiyon gaskiya yana cusa kuɗi a aljihu, ya fito ya ce satar kamanni aka yi masa, magoya bayansa su amsa. Ƙasar nan ta riga ta nuna tana iya shakkar abin da ke gaban idonta. Ku tuna jita-jitar "Jibrin daga Sudan", wadda ta yi ƙarfin da sai da Shugaba Buhari ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana tabbatar wa 'yan Najeriya cewa shi ɗin ne. A Gabon, shakkun da aka yi kan bidiyon sabuwar shekara na shugaban ƙasar na wancan zamani, Ali Bongo, lokacin yana jinya, na cikin abin da ya dagula al'amura kafin yunƙurin juyin mulki na Janairun 2019.

A nan ma ina ganin "sata" ta fi "bogi" amfani. Bahaushe bai saba barin maganar sata ta wuce haka nan ba. Wanda ya ce an yi masa sata, ana tambayarsa: me aka ɗauka, yaushe, ina kake a lokacin, ka kai ƙara? To duk wanda ya ce an saci kamanninsa, mu yi masa waɗannan tambayoyin. Haka wanda ya turo bidiyon, mu tambaye shi inda ya samo.

12/ Wata ƙanwata ta ce kalmar ta yi tsawo, samari ba za su bar "difek" ba. Ƙila haka ne, kuma ba na faɗa da aron kalma, ai rediyo da mota da asibiti duk aro ne. Samari su ci gaba da difek ɗinsu a shago. Amma ranar da za su yi wa Inna bayani, ko liman zai ja kunne bayan sallar Juma'a, ko uba zai je gaban alƙali a kan hoton 'yarsa, suna bukatar kalmar da ba sai an fassara ta ba.

13/ Inda muka tsaya ke nan: satar kamanni in babu izini ko an ɓoye, aron kamanni in da izini da sanarwa, ɓarawon kamanni ga mai aikatawa. Abin da ban gamsu da shi ba tukuna shi ne na sauti zalla. "Satar kamannin murya" ta yi nauyi a baki, wasu kuma sun ce a bar ta "satar murya" kawai. Ni na fi karkata ga ta biyun, amma ina so in ji ta bakin ma'aikatan gidajen rediyonmu na Gombe da Bauchi, tunda ku za ku riƙa furta ta safe da yamma. Ku gwada su a shirin kiran waya, ku ji wadda masu saurare za su maimaita da kansu. 'Yan'uwa Fulani, Tangale, Tera, Bolawa da Waja kuma, ku faɗa mana yadda za ku ce da naku harshen, wataƙila akwai wadda ta fi tamu a wurinku.