"Damo sarkin haƙuri": yabo ne ko gori?

Usman Maiwurno: Jama'a assalamu alaikum. An yi rikicin iyakar gona, ƙanina ya haƙura ya bar kunya biyu, sai kawunmu ya ce masa damo sarkin haƙuri, yaro kuwa ya ji haushi wai an ce masa rago. Ku a wajenku yabo ne ko gori?

Hajiya Rabi, Gadarif: Yabo ne ɗana. Damo fa da rani shiga rami yake ko kogon itace yai watanni kusan ba ci, kitsen jikinsa ke riƙe shi har ruwa ya sauka ya fito cin dodon koɗi da ƙwari. Wannan juriyar ake nufi.

Bala Damazin: Hajiya a gafarce ni, ni ban yarda duka ba. Mu nan an fi faɗa wa wanda ake cuta yai shiru. Kuma wai wane haƙuri, dabbar da harshenta biyu kamar maciji, ka matsa mata ta kumbura tana huci ta zabga maka wutsiya?

Malam Sani, Sinnar: Bala kama da wane ba wane ba ne. Maganar harshen gaskiya ce, shi da maciji duk da shi suke ɗebo wari su kai wani gurbi a ganɗa, shi ya sa a da masana suka daɗe suna ganin shi ne ɗan'uwan maciji na kusa. Da aka duba ƙwayoyin halitta wajen 2005 sai aka ga gidan ya fi haka faɗi, macizai da su damo da guza da hawainiya har ƙadangaren bango duk tushe ɗaya. Maciji daga jinsin ƙadangaru ya fito sama da shekara miliyan 100, mesa har yau tana da 'yan ƙumbuna biyu a gindin wutsiya, ragowar ƙafafun baya kenan. Amma damo na ƙifta ido, yana da kafar kunne, maciji ba shi da ko ɗaya.

Bala Damazin: To Malam guza fa? Ai nan bakin kogi har ƙwan kada yake tonewa.

Malam Sani: Shi ya sa ba a ce guza sarkin haƙuri ba. Magabata sun san su biyun sarai, damo suka zaɓa.

Hajiya Rabi: Usman ka tambayi kawun naka, a gaban mutane ya faɗa ko su biyu? In a gaban abokin rikicin ne to yaron na da hujjar jin zafi.

Usman Maiwurno: A gabansa ne Hajiya.