Inji mai ƙarfin doki 40 ga tsohon kwale-kwale, zai ɗauka?

Ɗan Madarunfa:
Salamu alaikum. Kwale-kwalen katako ne na mahaifinmu, mita 7, da shi muke su a tafkin Madarunfa, wani lokaci mu ƙetarar da mutane da buhunan gero. Injinmu Yamaha doki 8 ya gaji, sai na ja igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi. Wani ya taho da doki 40 na hannu daga Gaya, ya ce zai yi min sauƙi. Baba ya ce a'a, ni kuma raina ya biya. Me kuka gani?

Makanike na Maradi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bi maganar tsoho. Doki 8 bai kai kilo 30 ba, doki 40 ya kai kilo 70, kuma duka nauyin nan kan katakon gindin jirgi zai rataya. Ɗauki sukundireba ka soka wurin kusoshin. In ta shige kamar cikin tuwo, katakon ya ruɓe, ranar da ka murɗa wuta injin zai tafi da shi ƙasan ruwa. Ga shan mai: cikakkiyar wuta yana zuƙe kusan lita 20 a awa, doki 15 kuwa wajen 7 zuwa 8. Kifin kwana nawa zai biya wannan? Nemi Yamaha Enduro doki 15, ka canza katakon, ka ƙara masa ƙarfe. Baƙin mai lita 1 cikin isansi (fetur) lita 50, kada ka yi rowa.

Tsohon masunci:
Doki 40 na kogin Kwara ne, inda ake kokawa da ruwa mai gudu. Tafkinmu kwance yake. Abin da yaran yanzu ba su tambaya shi ne tsawon ƙafar inji. Akwai gajera, inci 15, akwai doguwa, inci 20. Da bazara ruwa ya ja baya, mai doguwar ƙafa laka zai riƙa nomewa. Ni na taɓa ƙone inji haka: ciyawa ta toshe mashigar ruwa, ban lura fitsarin injin, wato ruwan sanyaya shi da yake tsartuwa waje, ya tsaya ba sai da na ji ƙauri.

Ɗan Madarunfa:
Na gode Baba, na gode maigida. Na soka sukundirebar da safen nan. Ta shige har rabi. Wa ya san kafinta a Maradi da ke da katakon maɗaci busasshe?