Aikin rukuninmu ya tsaya cik, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Malaminmu ya ba mu aikin bincike mu 7, ni aka ɗora wa shugabanci. Ranar miƙa aiki ta ƙarato, amma muna nan jiya i yau.

Zaurenmu na WhatsApp ne ya fi damuna. Sai in tura rabon aiki da safe, kafin yamma gaisuwa da saƙonnin murya sun binne shi. Haka mutum biyu suka rubuta gabatarwa kowa tasa, sashen nazarin bayanai kuwa babu wanda ya taɓa. Na buɗe Google Docs don kowa ya zuba nasa wuri guda, tarihin gyara ya nuna mu uku kaɗai ke shiga. Wani ya ce mu koma Trello, manhajar tsara ayyuka. Wanda bai leƙa takarda ɗaya ba, anya zai koyi sabuwar manhaja?

Ku a ina kuke ajiye abin da aka yanke don kada ya ɓace? Sannan akwai wanda yake karanta saƙo ya yi gum, ga shi maki ɗaya za a ba mu duka. In sanar da malam, ko in raba kasonsa ga sauran?